Yawon buɗe ido a karkarar Nijar: Raƙuman dawa, kilishi da aikin maƙera

Kusan duk abin da ke kawo masu yawon buɗe ido Jamhuriyar Nijar a karkara ake samunsa, kama daga raƙuman dawa na Kure da dorinan Ayoru, har zuwa cukun makiyayan Tawa da aikin azurfa na maƙeran Abzin. Mutanen ƙauyukan da waɗannan abubuwa suke, su ne ke ɗaukar nauyin adana su, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Tun daga shekarar 2020 kuwa zuwan baƙin ya yi ƙaranci ƙwarai.

Abin da ake nufi da yawon buɗe ido na karkara shi ne baƙo ya bar otal-otal na babban birni ya shiga ƙauye, ya ɗauki ɗan rakiya daga cikin mutanen wurin, ya ci abincinsu, ya sayi abin da suka ƙera ko suka saƙa, ya kuma kalli namun dajin da ke kewaye da su. Manufar ita ce wani kaso na kuɗin da ya kashe ya tsaya a hannun 'yan ƙauyen. A ƙasa kamar Nijar, inda fiye da kashi 80 cikin 100 na al'umma ke zaune a karkara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Lokacin da baƙi suka fi zuwa shi ne tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu, wato bayan an gama girbi, sanyi ya sauka, hanyoyi kuma sun bushe.

Raƙuman dawa na Kure

Kure ƙauyen Zabarmawa ne da ke gundumar Kollo ta jihar Tilaberi, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, a kan babbar hanyar da ta nufi Doso. A dajin da ke kewaye da shi ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke, wato irin da masana ke kira peralta. Sun fi sauran raƙuman dawa na nahiyar hasken jiki, ƙafafunsu kuma kusan farare ne.

An daɗe ana ɗauka cewa raƙuman dawa da ke gandun dajin Waza na Kamaru da na Zakuma a Chadi iri ɗaya ne da na Kure. To amma binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a shekarar 2007 ya nuna cewa waɗancan irin Kordofan ne, haka ma waɗanda ake ajiye da su a gidajen namun daji na Turai da sunan peralta. Ma'ana dai, in ban da Nijar babu inda wannan iri ya rage a duniya.

A farkon ƙarni na 20 ana samunsu tun daga Senegal har zuwa tafkin Chadi, ciki har da arewacin Najeriya. Farauta da bindiga, da sare daji domin noma, da kuma fari na shekarun 1970 da 1980 suka yi ta rage su. Waɗanda suka tsira a wajen Ayoru da iyakar Mali suka gangaro kudu, suka yada zango a Kure da kwarin Dallol Bosso. Da aka ƙidaya su a shekarar 1996, guda 49 kacal aka samu. A wannan shekarar ce ma mahukuntan soja na lokacin suka sa aka kama wasu domin a ba shugabannin ƙasashe maƙwabta kyauta, inda wasu daga cikinsu suka mutu a hannun masu kamun.

Daga nan ne al'amura suka fara sauyawa. Dokar farauta da kare namun daji ta shekarar 1998 ta sa raƙumin dawa cikin dabbobin da aka haramta kashewa baki ɗaya. Jami'an kula da ruwa da gandun daji, tare da 'yan rakiya na Kure, suka riƙa ƙidayar dabbobin kowace damina ta hanyar ɗaukar hoton kowanne ta gefen dama da hagu, saboda babu raƙuman dawa biyu da zanen jikinsu ya zo ɗaya. A shekarar 2017 adadinsu ya haura 600. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda a 2008 ta sa su cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, ta sassauta matsayinsu a 2018.

Abin da ya bambanta Kure da gandayen daji na gabashi da kudancin Afirka shi ne babu shinge, kuma ba a tashi kowa daga gidansa ba. Dabbobin suna yawo ne a tsakanin gonakin gero na Zabarmawa da garkunan Fulani, babu zaki ko wani mai cin nama da ke bin su. Da damina suna zama a kan tudu, inda geza da sabara da anza da sarƙaƙiya ke fitowa layi-layi da fili a tsakaninsu. Idan rani ya yi sai su gangara Dallol Bosso, musamman wajen Harikanasu, inda ruwa ke kusa da ƙasa, gawo kuma ke fid da ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe.

A shekarun da harkar ke tafiya, baƙo kan tsaya a wata rumfa da ke bakin titi, ya biya kuɗin shiga da na mota da na ɗan rakiya. Ɗan rakiyar ya shiga motar, wani lokaci ya hau samanta domin ya hango nesa, yana tafe yana tambayar manoma da makiyaya inda suka ga garken da safe. Idan aka same su sai a sauka a ƙarasa da ƙafa, domin sun saba da mutane har akan matsa kusa da su ba tare da sun gudu ba. Galibin masu zuwa Turawa ne mazauna Yamai, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na ofisoshin jakadanci, waɗanda kan fita da safiyar Asabar ko Lahadi su koma gida kafin la'asar.

Wanda ke ɗaukar asara

Raƙumin dawa ba ya cin gero, wanda shi ne babban abincin yankin, kuma ana ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka iya zama da shi. Amma yana son wake, yana son harawa, yana kuma shiga lambunan mangwaro da dare. Manomin yankin ya gaji dabarar ɗora harawa a kan bishiya don kada awaki da shanu su kai gare ta. Dabarar ba ta da wani amfani a gaban dabbar da tsawonta ke kai mita 5.

Wake kuwa shi ne amfanin gonar da magidanci ke sayarwa ya sami kuɗi a hannu, don haka ɓarnar tana yi masa ciwo. Domin rage raɗaɗin, ƙungiyar kare raƙuman dawa ta Nijar, ASGN, da tallafin gidan namun daji na Doué-la-Fontaine da ke Faransa, ta yi shekaru tana haƙa rijiyoyi da ba mata ƙananan rance a ƙauyukan yankin. Tunanin shi ne idan mutum ya ga rijiyar garinsu albarkacin raƙumin dawa aka same ta, zai yi haƙuri da shi idan ya shiga gonarsa.

Sai dai rabon bai taɓa zama daidai ba. Kuɗin baƙi a bakin titi yake tsayawa, wurin 'yan rakiya da masu sayar da ruwa da abinci, alhali dabbobin suna kiwo a ƙauyuka da dama da ke nesa da hanya, waɗanda baƙo bai taɓa taka ƙafarsa ba. Yayin da adadin dabbobin ke ƙaruwa, su ma mutanen ƙaruwa suke yi, gonaki na cin daji, manyan motoci kuma na kwasar itacen girki zuwa Yamai daga tudun da raƙuman dawan ke kiwo da damina.

Irin wannan takun saƙa ya fi tsanani a Ayoru, kimanin kilomita 200 arewa maso yamma da Yamai, a bakin kogin Isa, wanda a Najeriya aka fi sani da Kwara. Garin ya yi suna da kasuwarsa ta ranar Lahadi da kuma dorinai, waɗanda a da baƙi kan shiga kwalekwale su je kallo. Amma dorina tana cinye shinkafa a gona, tana kife jirgin masunta, tana kuma kashe mutane da dabbobi. A shekarar 2017 hukumomi sun ba da sanarwar cewa an kashe dorinai fiye da 20 a yankin cikin 'yan watanni, kuma a shekarar ce gwamnati ta keɓe musu wani sashe na kogin.

Abincin hanya da na ruga

Ta fuskar abinci, babu abin da baƙo ke fara tambaya kamar kilishi. Akan fere naman sa marar kitse siriri kamar takarda, a shanya shi a rana a kan gadon kara, sannan a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da albasa da barkono da citta da kanumfari. A sake shanyawa, daga ƙarshe a gasa sama-sama. Akwai ja, akwai fari, akwai kuma wanda ake kira rumuzu, wanda ba a tsoma shi a labu, mai da gishiri da kayan yaji kawai ake shafa masa. Garuruwan da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, irin su Madawa da Tasawa, sun shahara da shi. Zafin rana da bushewar iska su ne rabin aikin, shi ya sa kilishin rani ya fi na damina.

Cuku kuma aikin matan makiyaya ne, Buzaye da Fulani, a jihohin Tawa da Maraɗi da Agadas. Akan sa wa madara abin da zai daskarar da ita, a shimfiɗa ta fale-fale a kan 'yar tabarmar tsinke, a bar ta ta bushe a rana har zanen tabarmar ya fito a jiki. Yana yin watanni bai lalace ba. Wasu da shayi suke cinsa, wasu kuma su daka shi cikin fura. Da damina ake yinsa da yawa, lokacin da nono ya wadata kuma babu hanyar kai shi kasuwa ɗanye.

A ƙasar Zabarma abin da aka fi tarar da baƙo da shi shi ne dambu da kwaɗon zogale, wanda suke kira kopto, sai kuma giwan ruwa a garuruwan bakin kogi. A tsaunukan Abzin akwai tagella, gurasar da Buzaye ke binnewa cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, a tono ta a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin miya. Ƙauyen Timiya da ke tsakiyar duwatsun yana da lambunan lemo da rumman da inabi, abin da ke ba duk wanda ya ratso hamada mamaki.

Wani abin lura shi ne masu waɗannan sana'o'i ba su dogara da Turawa ba. Mai kilishin Madawa fasinjan mota yake jira, da ɗan kasuwar da zai tsallaka da shi Najeriya, da mai neman tsarabar kai wa 'yan'uwa. Saboda haka ko da yawon buɗe ido ya durƙushe, su kam kasuwarsu ba ta mutu ba.

Maƙera da magina tukwane

Ba haka abin yake ga maƙeran azurfa ba. A al'adar Buzaye ƙira gado ce ta wasu gidaje da ake kira inadan, inda maza ke aikin ƙarfe da azurfa da sassaƙa, mata kuma ke aikin fata, wato jakunkuna da matasan kai da adon sirdin raƙumi. Abin da suka fi shahara da shi shi ne abin wuyan nan da ake kira tambarin Agadas, wanda Turawa suka laƙaba wa suna kuros.

Maƙeri kan fara siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya sa a wuta har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. Idan ta huce sai ya fasa yumɓun, ya goge, ya yi zane da hannu. Tun da sai an fasa mazubin kafin a fid da abin, ba a samun guda biyu da suka yi daidai da juna. A da, tsofaffin kuɗin azurfa na Ostiriya masu hoton Maria Theresa ake narkarwa. A kasuwa akan jera iri 21 a kan allo ɗaya, kowanne da sunan gari, kamar Ingal da Iferwan da Timiya da Bilma da Tawa da Damagaram.

Tun daga shekarun 1970, lokacin da fari ya karya arzikin makiyayan da maƙeran ke yi wa aiki, masu yawon buɗe ido suka zama manyan masu sayen kayansu. Da baƙin suka daina zuwa arewa, da yawa daga maƙeran suka koma Yamai, wasu kuma suka shiga fatauci da kayan zuwa biranen Afirka ta Yamma da kasuwannin baje koli na Turai. A Yamai ana samunsu a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, da kuma harabar gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, inda mai saye ke iya tsayawa ya ga yadda ake aikin.

A Bubon, wani ƙauye na bakin kogi kimanin kilomita 25 daga Yamai, mata ne ke ginin tukwane da hannu, su yi musu ado da farar ƙasa da ja, su gasa su a fili. Ranar Laraba kasuwar garin ke ci. Su ma dai kamar masu kilishi, randa da tulu abin amfanin gida ne, don haka suna da masu saye ko babu baƙo. Haka masu saƙar tabarma da faifai da kabar goruba, da masaƙan bargon aure na Zabarmawa da ake kira tera-tera.

Matsalar tsaro

Arewacin ƙasar ne ya fara shahara a idon duniya. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a shekarun 1980, kuma a 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya. A yankin ne, a wani wuri da ake kira Dabus, mutanen da suka sassaƙa hoton raƙuman dawa biyu a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5, shaidar cewa dabbar ta taɓa zama a inda yanzu hamada ce. Bikin lasar gishiri na makiyaya da ake yi a Ingal cikin watan Satumba, wanda ake kira Cure Salée, shi ma ya riƙa tara baƙi.

Tawayen Abzinawa na farko, daga 1990 zuwa 1995, ya tsayar da harkar. Ta farfaɗo har jiragen shata suka riƙa sauka Agadas kai tsaye daga Faransa, sai tawaye na biyu ya ɓarke a 2007. Kafin a murmure, a watan Satumban 2010 aka sace ma'aikatan kamfanin haƙar yuraniyom na Areva a Arlit, sannan a Janairun 2011 aka sace Faransawa biyu a wani gidan cin abinci da ke tsakiyar Yamai. Sa tsohon garin Agadas cikin jerin UNESCO da aka yi a 2013 bai dawo da baƙin yadda suke a da ba.

Duk tsawon wannan lokaci Kure ya kasance wurin da ake ganin babu haɗari. Wannan ya ƙare ranar Lahadi 9 ga watan Agustan 2020, lokacin da 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a dajin: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da ɗan rakiyarsu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar 'yan rakiya na Kure. Ƙungiyar IS ta ɗauki alhakin harin a watan Satumba. Gwamnatin Nijar ta hana shiga yankin, ita kuma Faransa ta gargaɗi 'yan ƙasarta da su guji duk wani sashe na Nijar in ban da Yamai.

Gandun dajin W da ke kudu, wanda aka kafa a 1954 kuma ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, shi ma ya fita daga hannun masu yawon buɗe ido, bayan da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka kafa sansani a sassansa. A can ne giwaye da ɓauna da ragowar zakunan yankin suke. Juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, da ficewar sojojin Faransa a ƙarshen shekarar, da rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024, sun ƙara rage Turawan da ke zaune a Yamai. A shekarar 2025 kuma an sace wasu mata biyu a Agadas, ɗaya 'yar Ostiriya, ɗaya 'yar Suwizalan.

'Yan rakiya ne suka fi kowa jin jiki, domin sana'arsu ba ta da wani mai saye sai baƙo. Kuma su ne idon hukuma a daji, su suka san kowane garke da inda yake kwana. Manomin Dallol Bosso kuwa yana nan da raƙumin dawa a gonar wakensa kamar yadda yake a da.

Sabon mazauni a Gadabeji

Tun kafin harin na 2020 masana ke nuna damuwa cewa tara dukan irin a wuri guda kasada ce, domin annoba ɗaya ko fari mai tsanani na iya shafe su. A watan Nuwamban 2018 gwamnatin Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, ta kama guda 8 a yankin Kure. Aka tsare su a wani shinge na 'yan makonni har suka natsu, sannan aka ɗora su a manyan motoci aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi.

An keɓe Gadabeji tun 1955, UNESCO kuma ta amince da shi a 2017. Rabon dajin da raƙumin dawa ya kai kusan shekara 50, tun farin shekarun 1970. Yanki ne na makiyaya, Fulani da Buzaye, gonakin wake ba su da yawa kamar a Dallol Bosso, kuma daga cikin mutanen wurin aka ɗauki masu bin sawun dabbobin. A shekarar 2022 an ƙara kai wasu guda 4, kuma tuni aka samu haihuwa a cikin garken.